Ajiyar Kayan Lantarki Masu Gudun Danshi na Tsawon Shekaru: Amsa ga Mai Gyaran Inbata a Birnin Kebbi

Wani mai sana'ar gyaran inbata da na'urorin cajin sola a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya. Ya ce ganin yadda farashin kayan gyara ke ta hawa, ya tattara jarinsa ya yi odar kaya masu yawa ta hannun wani ɗan kasuwa a Legas, da niyyar su kai shi shekara uku ko fiye: akwai aisi (IC) iri-iri, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ɗauke da da'irar lantarki a cikinsu, da ƙananan fitilun LED naɗe a faifai, da kafasita masu riƙe caji, da mosfet masu buɗe wa wuta hanya da rufewa, da sababbin fanel, wato allunan da ake jera waɗannan kayan a kansu ba na sola ba, waɗanda ba a ɗora wa komai ba. Wasu daga cikin kayan sun zo a cikin leda mai kauri mai launin azurfa, a liƙe, da takarda manne a jiki mai hoton ɗigon ruwa uku da lamba 3, kuma ya riga ya farke leda biyu domin ya ƙirga abin da ke ciki. Wani abokin sana'arsa ya ba shi shawarar ya saka su a firji, wani kuma ya ce ya tura su cikin buhun shinkafa. Yana neman a faɗa masa yadda zai ajiye su ba tare da sun lalace ba.

Malam, Allah ya sanya albarka a jarin. Kafin kowane bayani, sauran ledojin da ba ka farke ba ka bar su yadda suka zo, kada ka sake buɗe ko ɗaya domin ƙirga ko domin nuna wa wani, saboda babu ajiyar da za ka haɗa a shago da za ta kai wadda aka yi musu a masana'anta, inda aka busar da kayan sarai kafin a liƙe su. Shawarar firji da ta shinkafa duk ka jingine su, zan faɗi dalili idan mun zo wurin.

Baƙin jikin nan na aisi wani irin ƙaro ne mai tauri da aka gauraya da garin silika aka zuba a kan ɗan ƙaramin gutsuren silikon da siraran wayoyinsa. A ido yana kama da abin da ruwa ba ya ratsawa, amma yana shan danshin iska a hankali, kwana da kwanaki, har danshin ya isa can ciki inda ƙaron ya haɗu da silikon da ƙarfen da ke ɗauke da shi. Muddin aisin tana ajiye, wannan danshin ba ya yi mata wata illa ta a zo a gani. Za ta iya shekara da shi a jikinta. Ranar ɓarna ita ce ranar da aka ɗora ta a kan fanel aka sakar mata bulowa, wato na'urar da ke hura iska mai zafi. Soda, wato abin da ake narkawa a manna kaya a kan fanel, ta gargajiya mai dalma tana narkewa a digiri 183 a ma'aunin Salshiyas, ta zamani marar dalma kuwa sai wajen digiri 217, shi ya sa jikin aisi kan kai digiri 245 zuwa 260 a lokacin aiki, kuma cikin mintoci kaɗan. Ruwan da ya ɗauki makonni yana shiga ba shi da hanyar fita cikin minti biyu, sai ya zama tururi a inda yake, ya bankaɗe ƙaron daga jikin silikon, ya tsinka waya ko ya tsaga jikin gaba ɗaya. Abin da ke faruwa da ƙwayar masara a kaskon mai gugguru shi ne ke faruwa da ita, har wani lokaci ana jin 'yar ƙarar fashewar.

Wadda ta fashe a fili ta yi maka adalci, domin ka gani ka jefar. Wadda ke jawo asara da zubewar mutunci ita ce wadda ta rabu daga ciki ba tare da wata alama a waje ba. Za ka gwada inbatar ta yi aiki, mai ita ya biya ya tafi, bayan wata biyu ko uku zafi da sanyi su buɗa tsagar, danshi ya shiga ya ci wayoyin, ya dawo maka da ita yana cewa gyaranka ba ya ƙarko. A irin wannan hali mai gyara kan ɗora laifin a kan jabun kaya, kuma jabun kaya akwai su a kasuwa, sai dai ba kowace aisi da ta mutu da wuri ce jabu ba. Wasu masu kyau ne da aka dafa su da ruwa a ciki.

Daga nan za ka gane cewa ba duk kayanka ne wannan matsala ta shafa ba. Abin da za a yi wa soda da ƙarfen soda a ƙafafunsa kawai, jikinsa bai ɗauki zafin narkewa ba, ba ya cikin wannan haɗari. Mosfet masu dogayen ƙafafu irin su IRF3205 da ake yawan sakawa a inbata suna cikin wannan rukuni, haka rasista da kafasitar tangaran, waɗanda galibinsu ba sa shan danshi. Damuwar tana kan abin da jikinsa duka zai shiga iska mai zafi: aisi masu ƙwallayen soda a ƙarƙashi, da masu ƙafafu kewaye da jiki, da marasa ƙafa da ake mannawa, da ƙananan fitilun LED, da kafasitar tantalam ta folima. Fitilun LED ma sun fi saurin nuna illa, domin rufin da ke kan fuskarsu mai laushi ne.

Lambar da ka gani a takardar ita ce matakin gudun danshi na kayan, wanda ake taƙaitawa da MSL. Ƙungiyoyin IPC da JEDEC na Amurka ne suka tsara shi a ƙa'ida mai lamba J-STD-020, sannan ƙa'ida mai lamba J-STD-033 ta yi bayanin yadda ake shiryawa da ajiyewa da gasawa. Abin da lambar ke faɗa shi ne tsawon lokacin da kayan za su iya zama a sarari bayan an farke leda kafin a yi musu soda da iska mai zafi, bisa sharaɗin zafin ɗaki bai wuce digiri 30 ba, danshin iska kuma bai wuce kashi 60 cikin ɗari ba. Mataki na 1 ba shi da iyaka. Mataki na 2 shekara ɗaya ne, na 2a mako huɗu, na 3 awa 168 wato mako guda cur, na 4 awa 72, na 5 awa 48, na 5a awa 24, na 6 kuma dole a gasa shi kafin kowane amfani. Naka na 3 ne, wanda shi ne matakin mafi yawan manyan aisi, saboda haka ledojin nan biyu da ka farke mako guda suke da shi tun daga ranar da iska ta shige su.

Wannan mako guda ana tara shi ne, ba ya komawa farko don kawai ka naɗe bakin ledar ka ɗaure da kyauro. Idan kayan sun yi kwana uku a buɗe aka mayar da su wuri busasshe, lissafin ya tsaya a kwana uku, sauransu huɗu. Akwai sassauci guda: kayan mataki na 2 zuwa na 3 da ba su wuce awa 12 a sarari ba, idan aka mayar da su nan take cikin leda mai sabon abin shan danshi ko cikin kabad busasshe na tsawon ninki biyar na lokacin da suka yi a waje, lissafinsu ya koma farko. Ga mataki na 4 zuwa 5a iyakar awa 8 ce, ninkin kuma goma. Idan da ka ƙirga kayan cikin rabin awa ka liƙe, da babu abin da ya faru.

Sai dai waɗannan alƙaluma an yi su ne domin ɗakin masana'anta mai na'urar sanyaya iska, mu kuwa shekararmu biyu ce a cikin ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu da ta farkon bazara tana bushewa har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 20 da rana, kuma a irin wannan iska kayan mataki na 3 za su jima fiye da makon da aka rubuta. Daga Yuni zuwa Satumba lamarin yana juyewa, musamman a watan Agusta, lokacin da danshin safiya kan haura kashi 80, ga shi Birnin Kebbi tana bakin fadama, haka Argungu, balle Yawuri da ke gaɓar Kwara. A wannan lokaci makon nan yana raguwa zuwa 'yan kwanaki, kuma zafi yana ƙara saurin shigar danshin. Bushewar hunturu ce ke yaudarar masu gyara a arewa: mutum ya yi wata biyar yana barin aisi a buɗe a teburi ba abin da ya faru, sai ya ɗauka maganar danshi ta mutanen Legas da Fatakwal ce, har damina ta kama shi da halin rani. Kuma kayan da suka zo a buɗe ko a ledar banza, kada ka yi musu lissafi da iskar Kebbi. Sun taso daga kudancin Sin mai laima, sun yi makonni a teku ko a sito, sun kwana a Legas, don haka a jiƙe suka iso hannunka ko da a watan Janairu ka karɓe su.

Yanzu ga ledojin da ke liƙe. Idan ka karanta takardar za ka ga ranar da aka liƙe su, da bayanin cewa ajiyar tana da tabbacin wata 12 matuƙar zafi bai kai digiri 40 ba, danshi kuma bai kai kashi 90 ba. Cikar wata 12 ba ta nufin kayan sun mutu. Tabbacin da aka bayar a rubuce ne ya ƙare, kuma leda mai kyau da ba ta huje ba takan riƙe bushewarta fiye da haka nesa ba kusa ba. Ni sharaɗin zafin ne ya fi damuna game da kai. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin inuwa a Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, shagon kwano marar silin ko kwantena kuwa ya fi haka sosai da tsakar rana. Zafi yana ƙara yawan danshin da ke ratsa leda, yana saurin dusashe ƙafafun kaya, yana busar da kafasita, sannan abin shan danshi na yumɓu da kamfanoni da yawa ke sakawa yakan fara sakin ruwan da ya sha idan zafi ya kai wajen digiri 50. Saboda haka jarin shekara uku ba a shago ya kamata ya zauna ba. Ka kai shi ɗaki mafi sanyi a gida, mai kaurin bango da silin, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Tsohon ɗakin ƙasa da ba ya yoyo ya fi sabon ɗakin bulo mai rufin kwano a wannan aiki. Ka zuba ledojin cikin akwatin ƙarfe saboda ɓera da gara da kyankyaso, domin huji guda kamar na allura ya isa ya ɓata ledar, ka ɗora akwatin a kan katako nesa da ƙasa da bango saboda laimar damina. A shago ka riƙa ajiye na wata ɗaya ko biyu kawai.

A cikin kowace leda ta asali akwai ɗan kati mai ɗigo uku da aka rubuta wa kashi 5, 10 da 60. Shi ne shaidarka. Ɗigon shuɗi ne idan a bushe yake, ya koma ruwan hoda idan ya sha danshi. Akwai wani sabon iri da ke tashi daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi mai haske, don haka ka karanta rubutun da ke jikin katin kafin ka yanke hukunci. Ana duba shi ne nan take da an farke leda, domin cikin ɗan lokaci iskar ɗaki za ta sauya shi. Ga kayan mataki na 2a zuwa 5a, idan ɗigon kashi 10 ya sauya launi to kayan suna bukatar gashi; ga mataki na 2 ɗigon kashi 60 ake dubawa. Katin da ɗigonsa na 60 ya taɓa sauyawa ba a sake amfani da shi.

Idan ka zo sake liƙe kaya da kanka, irin ledar shi ne abin da aka fi kuskurewa. Leda mai ruwan hoda tana hana taruwar tartsatsin wuta ne kawai. Mai launin toka da ake hango abin da ke ciki tana kare kaya daga tartsatsi, amma danshi yana ratsa ta a hankali. Wadda ke tare danshi ita ce mai kauri da ba a ganin cikinta, mai shimfiɗar alminiyam a tsakani, irin wadda kayanka suka zo a ciki. Kada ka jefar da waɗanda ka farke, idan an yanke su da almakashi kusa da baki za a iya sake liƙe su. Na'urar liƙe leda ta hannu irin ta masu ƙulla kayan masarufi tana yin aikin idan an ƙara mata zafi, kuma ya fi kyau a yi layi biyu. Ka matse iskar ciki da sauƙi, kada ka zuƙe ta ƙarƙaf da injin zuƙa, domin kusurwar faifai ko ƙafar aisi za ta iya huda ledar, kuma abin shan danshin da katin suna bukatar 'yar iska da za ta zagaya. Ledar zif ba ta ajiyar shekaru ba ce.

Abin shan danshin da ya fi sauƙin samu shi ne ƙwayoyin silika. Suna iya shan ruwa kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsu a iska mai laima, kuma idan sun ƙoshi ana gasa su a wajen digiri 120 na 'yan awoyi su dawo sababbi. Ka nemi masu sauya launi domin ka san halin da suke ciki. 'Yan ƙullin da ake tsintowa a kwalin takalmi ko jaka sun riga sun ƙoshi tun a hanya, saka su ba tare da gashi ba daidai yake da saka ruwa a cikin ledar. Akwai wani iri na ziyolait wanda ya fi silika iya sauko da danshi ƙasa ƙwarai kuma ya fi jure zafi, idan ka same shi ya fi dacewa da yanayinmu, sai dai ba a iya farfaɗo da shi a ƙaramin tanderu.

Dabarar da ta fi kowace amfani ga mai ƙaramin shago ita ce rarrabawa. Ledar da ke da aisi ɗari biyar, idan za ka riƙa buɗe ta duk mako kana ɗaukar biyu, cikin damina guda ka cinye lokacin dukkansu. Ranar da bukata ta sa ka buɗe babbar leda, ka raba kayan ƙulli-ƙulli gwargwadon abin da kake ci a wata, kowane ƙulli da silikarsa da katinsa, ka rubuta a jiki sunan kayan da matakinsa da ranar liƙewa da awoyin da ya yi a buɗe. Idan da hali ka yi wannan aiki tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar da za ka kulle a cikin ledar ita kanta busasshiya ce.

Amma hunturu yana da nasa sharrin. Busasshiyar iska ce ke sa wuta ta taru a jikin mutum har ya ji ta tsarge shi idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi. Mutum ba ya jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu aisi da ƙofar mosfet ƙasa da bolt 100 ma na iya huda su. Wato mosfet ɗinka da suka tsira daga matsalar danshi su ne suka fi shiga wannan. Ka ɗaura igiyar hannu mai haɗe da ƙasa, ka yi aikin a kan shimfiɗar da aka yi domin haka, ka nisantar da soson kwali da ledar kasuwa da tufafin roba, ka riƙa ɗaukar kaya da hantsaki ba da yatsa ba, domin gumin hannu ma gishiri ne da ke cin ƙafafu.

Masana'antu suna amfani da kabad mai busar da iska da lantarki. A ƙa'ida, kabad da ke riƙe danshi a kashi 5 ko ƙasa ana ɗaukarsa daidai da leda liƙaƙƙiya marar wa'adi, wanda ke kashi 10 kuwa yana jinkirta lissafi ne na wani lokaci. Yana da tsada kuma yana son wutar da ba ta yankewa, don haka ban ga dalilin sayensa ga shago irin naka ba sai aikin ya girma. Mazubi mai murfi da roba a baki, wanda iska ba ta shiga, da silika mai yawa a ƙasa da kati a sama, ya isa ga kayan da ake ɗiba yau da kullum, kuma na gilashi ko na ƙarfe ya fi na roba. Ƙananan agogunan auna danshi masu araha ba su da tabbas a ƙasa da kashi 20, don haka a wannan zango katin ya fi su gaskiya. Idan kana son sanin ko agogon naka yana faɗin daidai, ka jiƙa gishirin girki ya yi damshi ba tare da ya narke duka ba, ka rufe shi tare da agogon a mazubi na kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna kusan kashi 75.

Firji kuwa, cikinsa da laima, kuma abin da aka fito da shi da sanyi zuwa iskar ɗaki nan take raɓa ke kwanta masa. Ƙara da ɗaukewar wuta, inda firjin zai yi sanyi ya huce sau da yawa a rana, kowane zagaye yana jiƙa kayan. Abu ɗaya daga kayan sana'arka da ke son firji shi ne sodar kwaɓi, wadda ake ajiyewa tsakanin digiri 0 da 10, ba ta wuce kimanin wata shida, kuma ana barinta ta huce a rufe na 'yan awoyi kafin a buɗe; ita kada ka saye ta da yawa. Shinkafa kuma, ko manomin fadama zai faɗa maka cewa wadda aka shanya domin ajiya tana riƙe da ruwa kashi 12 zuwa 14 na nauyinta. Iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta danshinta kan tsaya a sama da kashi 60, mu kuma ƙasa da 10 muke nema, ga ƙura da garin tsaki da ƙwari.

Ledoji biyun da ka farke, idan sun wuce makonsu, maganinsu gashi ne, kuma gashi yana mayar da lissafi farko gaba ɗaya. Ƙa'idar ta ba da zafi uku. A digiri 125, siririyar aisi ta mataki na 3 da kaurinta bai wuce milimita 1.4 ba tana bushewa cikin ƙasa da awa goma, masu kauri sosai kuwa har awa 48. A digiri 90 siririyar takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. A digiri 40 tana ɗaukar kusan mako biyu, masu kauri fiye da wata biyu, kuma a waɗannan biyun na ƙarshe sai iskar tanderun ta kasance a bushe, kashi 5 ko ƙasa. Wannan sharaɗi ne ya sa shanya kaya a rana ba ya zama gashi. Faifan roba da kaset ɗin da fitilu ke ciki da bututun roba ba sa jure fiye da digiri 40, sai an juye kayan a tiren ƙarfe ko a baƙin tiren masana'anta wanda aka rubuta iyakar zafinsa a gefe. Ƙaramin tanderun lantarki ya isa, amma kada ka yarda da lambar da ke jikin maɓallinsa. Ka saka wayar auna zafi ta mitarka a kusa da kayan, ka nisantar da su daga ƙarfen da ke yin ja, ka tanadi wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba. Tanderun gas ba ya yi, domin ƙonewar gas ita kanta tururi take fitarwa, na maikurowef kuwa kashe kayan zai yi nan take. Tanderun da aka gasa kayan lantarki a ciki ba a mayar da shi kicin. Fitilun LED ka duba takardar bayanin kamfaninsu, domin da yawa ana gasa su ne a zafi mai sauƙi, wajen digiri 60 zuwa 70.

Wannan hukunci ya shafi tsofaffin fanel da ake ciro aisi daga jikinsu, da na mutane da suka kwana a shago duk damina. Shi kansa fanel yana shan danshi, shi ya sa wani lokaci yake kumbura ya yi bororo a ƙarƙashin bulowa. Ka cire batir da allon gilashi da duk abin da zafi zai narkar, ka ɗumama fanel ɗin a hankali na wasu awoyi kafin ka kusanto da iska mai zafi.

Kada kuma sauƙin gashi ya sa ka ce ai sai in bar kayan a buɗe in riƙa gasawa. A ajiyar shekaru akwai illa ta biyu wadda gashi ba ya gyarawa, ƙara ta ma yake yi, wato dusashewar ƙafafu. Kuzar da aka shafa wa ƙafar aisi tana yin wata fata idan ta daɗe a iska mai laima, sannan ta ƙarƙashi jan ƙarfe yana cin kuzar a hankali, zafi kuma yana hanzarta duka biyun, har a kai inda soda za ta dunƙule ta ƙi kama ƙafar. Saboda haka ne ƙa'idar ta iyakance jimillar gashi mai zafi sama da digiri 90 zuwa awa 96 a rayuwar kayan, sai in kamfanin ya faɗi wani abu daban. Danshin da ya shiga ciki ana iya fitar da shi, ƙafar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, don haka ni a wurina babban amfanin ledar alminiyam a ajiyar shekara uku shi ne kare ƙafafu, gashi kuma a yi shi sau ɗaya, dab da aiki ko dab da liƙewa. Duk abin da ke da shafen azurfa, kamar cikin fitilun LED da wasu fanel, farar wuta ce ke baƙanta shi, kuma tana fitowa daga kyauron ɗauri da kwali da hayaƙin janareta, don haka kada waɗannan su kusanci kayan. Sababbin fanel su ne mafi gajeren rai a cikin abin da ka saya: masu jan ƙarfe da aka shafa wa siririn magani kimanin wata shida ake ba su, masu shafen soda ko na zinariya kimanin shekara, don haka da su za ka fara.

Kafasita masu ruwa a ciki, irin manyan gwangwanayen da ke cikin inbata, lissafinsu daban ne kuma ba a gasa su ko kaɗan. Zafi ne abokin gabarsu: duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsu, kuma masu ƙera su kan nemi a ajiye su tsakanin digiri 5 da 35. Idan sun yi kimanin shekara biyu ba wuta, siririn rufin da ke kan alminiyam ɗinsu yana raunana, sai su riƙa zubar da wuta, wata ma ta fashe idan aka ba ta cikakken ƙarfi farat ɗaya. Ana farfaɗo da su ta hanyar ba su wuta ta cikin rasista, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, a bar su a haka na wani lokaci har zubar ta ragu, sannan a sauke cajin ta rasista kafin a taɓa. Da za ka sake oda, da na ce kada ka sayi kafasitar da ta wuce ta shekara ɗaya, ka zuba kuɗin a aisi da mosfet, waɗanda in an liƙe su da kyau shekara uku ba komai ba ce a wurinsu.

Duk shekara, a ƙarshen damina, ka buɗe akwatin ka duba ledojin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zo a matse ka same ta ta saki, ko ka ga ƙarcewa a kusurwarta, ka ɗauka ta huje, ka farke ta ka karanta katin, ka gasa idan ya nuna haka, ka sake liƙewa da sabuwar silika. Sauran ka bar su, ka riƙa fara cin waɗanda ranar liƙewarsu ta fi daɗewa. Kuma duk ƙullin da ya haura shekara biyu, kafin ka ɗora shi a kan inbatar mutane, ka ɗauki guda ɗaya ka shafa wa ƙafafunta ruwan soda, wato maganin da ke sa soda ta kama ƙarfe, ka taɓa su da ƙarfen soda: idan sodar ta malale ta rufe ƙafar da sheƙi cikin daƙiƙa biyu ko uku, ƙullin lafiya yake, idan ta dunƙule ta bar wurare a buɗe, ka gwada da ruwan soda mai ƙarfi ka wanke bayansa, in har ta sake ƙi, kada ka saka wannan ƙullin a aikin da wuta mai yawa za ta bi ta kansa.